Tikitin ƙwallon ƙafa na gasar Olamfik: abin da mai saye ya samu a Faransa a 2024

Yuro 24 ne mafi arahar tikitin da aka sayar a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, kuma ƙwallon ƙafa na cikin wasannin da aka fi samun tikiti mai sauƙi irin wannan. Ga mai lissafi da sefa, kusan dubu 15 da 700 ke nan. Ta fuskar farashi ba a cuci kowa ba, domin gasa ce da mutum zai zauna ya ga Aitana Bonmatí da Alexia Putellas da Marta da Achraf Hakimi da idonsa, suna neman lambar zinariya. Sai dai kuɗin tikitin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da mai kallo zai kashe, kuma haja biyu ce daban ake sayarwa da suna ɗaya. Wanda bai bambance gasar maza da ta mata ba kafin ya biya, zai iya sayen abin da ba shi ya yi niyya ba.

Gasar mata cikakkiya ce. Ba a ƙayyade shekaru ba, tana cikin jadawalin hukumar FIFA, saboda haka kulob ba shi da ikon hana 'yar wasa tafiya idan ƙasarta ta kira ta. Sifaniya ta zo da tawagar da ta ci kofin duniya a 2023 kusan gaba ɗayanta. Amurka da Jamus da Burazil da Jafan duk da manyan 'yan wasansu suka zo. Ƙasashe 12 ne kacal, rukuni uku na huɗu-huɗu, wasa 26 daga 25 ga Yuli zuwa 10 ga Agusta. Ƙarancin gurbin nan ya sa da wuya a ga wasan da bai da nauyi. Ingila da Suwidin da Holan duk ba su samu shiga ba, alhali Turai gurbi uku kawai gare ta har da na mai masauki.

Gasar maza kuwa ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce. A 2024 sai wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 2001 zuwa gaba, sannan a bar wa kowace ƙasa damar ɗaukar manya uku. Ba ta cikin jadawalin da ke tilasta wa kulob sakin ɗan wasa, kuma tana faɗowa daidai lokacin da ƙungiyoyin Turai ke atisayen shiga sabuwar kaka. Shi ya sa Kylian Mbappé bai buga ba duk da a ƙasarsa aka yi, Mohamed Salah bai bi Masar ba, Lionel Messi ma bai zo ba. Manyan da kocin Faransa Thierry Henry ya samu su ne Alexandre Lacazette da Jean-Philippe Mateta da Loïc Badé. Ajantina ta kawo Julián Álvarez da Nicolás Otamendi da mai tsaron gida Gerónimo Rulli. Sunayen ba sa tabbata sai makonni kaɗan kafin a fara, bayan an daɗe da sayar da tikiti. Duk wanda ya sayi tikitin maza saboda wani tauraro ɗaya, ya yi caca.

Wannan bai sa gasar maza ta zama ta banza ba, kuma masu kallo a ƙasar Hausa sun fi kowa sani. A wannan gasa ce Najeriya ta farke ci 3 da 1 ta doke Burazil 4 da 3 a 1996, sannan ta ci Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe, da 'ya'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro a cikin tawagar. Kamaru ta ɗauki zinariya a Sidini a 2000. A Riyo a 2016 Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya, Najeriya ta karɓi tagulla a hannun Honduras da ci 3 da 2. Nan ne fagen da Afirka take karawa da kowa ido da ido. A Faransa ma haka ta kasance: Maroko da Masar duk sun kai wasan kusa da na ƙarshe, Soufiane Rahimi na Maroko ya zura ƙwallo 8 kuma babu wasa ko ɗaya cikin shida da bai ci ba. Najeriya dai ba ta je ba a ɓangaren maza, Gini ce ta fitar da ita tun a wasannin share fage a 2023.

Yadda aka sayar da tikitin yana da kyau ta wani gefe, yana da wahala ta wani. Babu tikitin takarda ko kaɗan. Mutum zai buɗe asusu a shafin hukumar gasar, ya biya, sannan ya sauke manhajar Paris 2024 Tickets a waya, a nan tikitin yake zaune. Lambar da ake haskawa a ƙofa ba ta fitowa sai wasa ya kusa, saboda haka hoton fuskar waya da wani zai turo maka ta WhatsApp ba tikiti ba ne, kada ka ba da ko sisi a kansa. Idan ka saya wa abokin tafiya, cikin manhajar za ka tura masa, shi ma sai yana da asusunsa. A watan Mayun 2024 aka buɗe kasuwar sake sayarwa ta hukuma, inda wanda ya fasa zai mayar da tikitinsa a kan farashin da ya saya, a cire ɗan kaso na hidima. Wannan ya kashe kasuwar 'yan bunburutu ƙwarai, kuma ya cancanci yabo.

Matsalar ita ce lokaci. Tun farkon 2023 aka fara sayarwa, ta hanyar ƙuri'a, amma ba a raba ƙasashe zuwa rukuni ba sai 20 ga Maris 2024. Ko a ranar ma ba a san wakilan Afirka a ɓangaren mata ba. Sai a watan Afrilu Super Falcons, tawagar matan Najeriya, suka fitar da Afirka ta Kudu, da fenaretin da Rasheedat Ajibade ta ci a Abuja da canjaras babu ci a Pretoria. A ɓangaren maza kuma, Gini ba ta samu gurbinta ba sai a watan Mayu, bayan ta doke Indonesiya a wasan cike gurbi. To, wanda ya saya da wuri cinikin biri a sama ya yi: ya san gari, ya san rana, bai san su wa za su buga ba. Wanda kuma ya jira sai ƙasarsa ta fito, watanni uku ne suka rage masa ya nemi biza da masauki da jirgi, a lokacin da kowa ke nema.

Ga ƙwallon ƙafa, jiran ya fi. Filayen manya ne, wasannin 58 ne idan aka haɗa 32 na maza da 26 na mata, kuma tikitin wasannin rukuni bai ƙare ba har ranar wasa a wurare da yawa. Waɗanda suka yi wuyar samu su ne wasannin Faransa da wasannin ƙarshe biyu. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne biza. Tikiti ba ya zama biza, ba ya kuma tilasta wa ofishin jakadanci ya ba ka. Kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita, ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a watan Yunin 2024, wato ya kusa ninka tikiti mafi araha sau huɗu. Mutanen Nijar sun fi shan wuya, domin Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. A Najeriya kuma, a lokacin yawancin bankuna sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai mai asusun dala ko mai ɗan'uwa a waje ne zai iya biya a shafin.

Sai batun garuruwa, wanda shi ne ya fi cin kuɗi kuma ba a cika bayyana wa mai saye shi ba. Sunan gasar Faris, amma fili ɗaya ne kawai cikin bakwai yake Faris, wato Parc des Princes. Sauran suna Marseille da Lyon da Bordeaux da Nantes da Nice da Saint-Étienne. Daga Faris zuwa Lyon ko Bordeaux ko Nantes kusan awa biyu ne a jirgin ƙasa mai sauri na TGV, Marseille awa uku da 'yan kai, Nice kuwa ta doshi awa shida. Saint-Étienne sai ka sauka a Lyon ka canza ƙaramin jirgi na kusan minti 50, in ba ka dace da mai zarcewa ba. Duba hanyar da magoya bayan Maroko suka bi: wasa biyu a Saint-Étienne, na uku a Nice, sai Faris inda suka lallasa Amurka 4 da nema, sai Marseille inda Sifaniya ta cire su 2 da 1, sai Nantes inda suka zuba wa Masar 6 suka ɗauki tagulla. Gari biyar, daga kudu maso gabas zuwa arewa, a dawo kudu, a tsallaka yamma, duk cikin kwana 16. Kuma ba ka sanin gari na gaba sai an tashi wasa, lokacin da kujerun jirgi masu araha sun riga sun ƙare.

Saboda haka dabarar da ta fi ita ce a zaɓi gari, a bar bin ƙasa. Mai zama a Lyon yana da filin Lyon da na Saint-Étienne a kusa, Marseille kuma ba ta kai awa biyu ba. A waɗannan wurare uku an yi wasannin rukuni na maza da na mata, an yi wasannin kusa da na ƙarshe guda huɗu duka a Lyon da Marseille, an kuma yi wasan tagulla na mata a Lyon. Masauki ɗaya, kuɗin ɗaki ƙasa da na Faris, wasa kusan kullum. Wanda ya sauka a Faris yana zirga-zirga ya gamu da ƙarin kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, da aka mayar Yuro 4 kowace shiga a lokacin gasar, sannan ya gamu da abin da ya faru ranar 26 ga Yuli, da aka ƙona wayoyin layin dogo a wurare uku. Layin da ke zuwa Bordeaux da Nantes na cikin waɗanda abin ya shafa, kuma a waɗannan garuruwa biyu ne Super Falcons suka buga wasanninsu. Ba laifin masu shirya gasa ba ne, amma ya nuna haɗarin dogaro da jirgin safiyar ranar wasa.

Wani ƙaramin abu da ke ɓatar da baƙo: dokar Olamfik ba ta yarda da sunan kamfani a jikin fili ba. Filin da aka sani da Orange Vélodrome, a tikiti Stade de Marseille ne. Groupama Stadium ya koma Stade de Lyon, Allianz Riviera ya koma Stade de Nice, Matmut Atlantique ya koma Stade de Bordeaux. A riƙe sunayen biyu, domin direban tasi da tsohon yake amfani. Filin Lyon ma ba cikin gari yake ba, yana Décines, sai an hau taragon lantarki. Na Marseille yana kan layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, na Nantes a ƙarshen layi na 1 na tarago, Parc des Princes kuwa layi na 9 ake hawa a sauka Porte de Saint-Cloud.

A ƙofa ana bincike mataki-mataki, kuma wayarka ce tikitinka, don haka caji ba abin wasa ba ne. A buɗe manhajar tun a masauki inda akwai intanet mai kyau, a tabbata lambar ta fito, a ɗauki ƙaramin batirin caji. A lokacin gasar, a cikin fili katin Visa kaɗai ake karɓa, ko tsabar kuɗi. Mai Mastercard sai ya riƙe Yuro a aljihu. Ba a sayar wa masu tikitin gama-gari giya a filayen ba saboda dokar Faransa, abin da ya sa wurin ya yi daɗin zama ga mai iyali. Hanin da aka yi na sa hijabi ya tsaya ne a kan 'yan wasan da ke wakiltar Faransa, bai shafi 'yan kallo ba, amma niƙabi mai rufe fuska haramun ne a bainar jama'a a dokar ƙasar tun 2011, kuma ya kamata mai tafiya da iyali ya san haka tun daga gida. Rana ba ta faɗuwa a ƙarshen Yuli sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka wasan ƙarfe tara magariba tana riskarsa yana gudana. Irin wannan wasan yana tashi wajen sha ɗaya, idan aka shiga ƙarin lokaci kamar yadda Faransa da Masar suka yi a Lyon sai ya doshi sha biyu, kuma da wuya a samu jirgin komawa wani gari a wannan lokaci. Wasan dare, kwanan gari ne.

Babban abin da ya zubar wa hidimar da mutunci ya faru tun ranar farko, 24 ga Yuli, a Saint-Étienne. Maroko na gaban Ajantina 2 da 1, alƙalin wasa ya ƙara minti 15, Cristian Medina na Ajantina ya sa ƙwallo a raga da ka a minti na 16 na ƙarin. Aka fara jifa da robobin ruwa da kofuna, wasu 'yan kallo suka tsallaka cikin fili, alƙali ya kwashe 'yan wasa zuwa ɗakin canza kaya. Aka sanar a allo cewa jama'a su fita. Dubban mutane suka kama hanya da yaƙinin an tashi 2 da 2, kafofin labarai da yawa ma haka suka buga. Bayan kusan awa biyu aka dawo da 'yan wasa fili babu ɗan kallo ko ɗaya, alƙali ya duba na'urar VAR, ya soke ƙwallon saboda satar gida, aka buga minti uku, Maroko ta ci 2 da 1.

Hukuncin daidai ne, an yi satar gidan. Amma mutumin da ya biya kuɗinsa bai ga ƙarshen wasan da ya saya ba, kuma bai san sakamakon gaskiya ba sai a waya. Abu uku suka haɗu. Masu tsaron da ke gefen fili sun yi kaɗan ga wasan da kowa ya san zai yi zafi, ganin yawan 'yan Maroko mazauna Faransa da kuma haushin da ake ji na waƙar wariyar da 'yan wasan Ajantina suka rera kwanaki kaɗan kafin nan. Na biyu, ƙa'ida ta ce alƙali sai ya je allon gefen fili ko ya samu tabbaci kafin ya sauya hukunci, kuma ba a yi hakan ba kafin a watse. Na uku, wanda ya fi ciwo, ba a gaya wa mutanen da ke zaune cewa ana binciken ƙwallon ba. Da an rubuta layi ɗaya a allo da wuri cewa ana duba satar gida, da wataƙila wutar ba ta kai haka ba. Mai kallo a talabijin yana ganin maimaici ta kusurwa biyar, na cikin fili yana zaune cikin duhu. Bayan wannan rana an ƙara jami'an tsaro a wasannin da suka biyo baya, amma ba a rabu da masu kutse cikin fili kwata-kwata ba.

Ingancin wasan kansa yana fama da matsewar jadawali. Kowace ƙasa tana buga wasa duk bayan kwana uku, wato hutun kwana biyu kacal a tsakani, har da tafiya. Wadda ta kai ƙarshe ta buga wasa shida cikin kwana 17. A kan wannan kuma, 'yan wasa 18 kawai ake yi wa rajista, biyu daga ciki masu tsaron gida, da 'yan ko-ta-kwana huɗu da ba sa shiga sai wani ya ji rauni. A kofin duniya 23 ko 26 ake ɗauka. Da damar canji biyar da benci mai mutum bakwai, koci ba shi da wurin juyawa. An ga tasirin abin a zagayen 'yan takwas na mata ranar 3 ga Agusta: uku cikin wasanni huɗu sun shiga ƙarin lokaci, biyu sun kai bugun fenareti. Amurka ta buga minti 120 da Jafan, bayan kwana uku ta sake buga 120 da Jamus, duka ta ci ɗaya mai ban haushi. Ƙafafu sun yi nauyi, gudu ya ragu, ga zafin da ya taso a kudancin Faransa a ƙarshen Yuli har ana tsayar da wasa a sha ruwa. Mai son ƙwallo mai gudu ya fi samun biyan buƙata a wasan rukuni na farko da na biyu fiye da wasan kusa da na ƙarshe, alhali tikitinsu ya fi araha nesa ba kusa ba.

Misali shi ne wasan Ostireliya da Zambiya a Nice ranar 28 ga Yuli. Barbra Banda ta ci uku, Zambiya ta yi gaba da 5 da 2, aka tashi 6 da 5 Ostireliya ce da nasara. Ƙwallo 11 a wasa ɗaya, a filin da yawancin kujerunsa babu kowa. Wannan shi ne abin takaici a gasar mata: hajar da ta fi inganci ita ce ba a tallata ba yadda ya kamata a garuruwan da ke wajen Faris. Ga mai saye kuwa riba ce, domin da tikiti mai sauƙi yana ganin komai sarai, ba turereniya a ƙofa, ba dogon layi a wurin abinci.

Tsarin rukunin mata yana da wani sirri da ya kamata mai kallo ya riƙe. Biyu na sama a kowane rukuni suna wucewa, sai a ƙara biyu mafi kyau daga cikin waɗanda suka zo na uku. Wannan ya sa kowace ƙwallo tana da daraja har a wasan da aka riga aka sha kashi. Burazil ta zo ta uku a rukuninta da maki uku kacal, ta wuce da bambancin ƙwallaye, ta cire Faransa, ta doke Sifaniya 4 da 2 a Marseille, sai a wasan ƙarshe Mallory Swanson ta ci wa Amurka ƙwallo ɗayar da ta raba gardama. A wannan rukuni Super Falcons suke, bayan shekara 16 rabonsu da gasar. Burazil ta ci su ɗaya a Bordeaux. Sifaniya mai riƙe da kofin duniya ta yi ta kai hari a Nantes, mai tsaron gidan Najeriya Chiamaka Nnadozie na tarewa, sai a minti na 85 bugun tazarar Putellas ya shige. Jafan ta ci su 3 da 1, Jennifer Echegini ce ta ci wa Najeriya ƙwallonta ɗaya tilo a gasar. Ba su samu maki ba, amma wanda ya kalli wasa biyu na farko ya ga tsaron gida mai tsari, ya kuma ga cewa matsalar tana gaba, wajen jefa ƙwallo a raga.

Batun Kanada a gasar mata ma ya shafi mai tikiti kai tsaye. An kama wani ma'aikacin tawagarta yana leƙen atisayen New Zealand da jirgi marar matuƙi a Saint-Étienne. FIFA ta zabtare mata maki shida, ta dakatar da koci Bev Priestman shekara guda. Kanada ta ɗaukaka ƙara, ba a yanke hukunci ba sai ranar wasan rukuni na ƙarshe, aka yi watsi da ƙarar. Ta ci wasanninta uku, ta wuce da maki uku. Har zuwa daren 31 ga Yuli babu wanda zai iya cewa ga ƙasar da za ta je Marseille ko Lyon ko Nantes, kuma wasan na gaba 3 ga Agusta ne.

Wasan ƙarshe na maza tsakanin Faransa da Sifaniya ranar 9 ga Agusta a Parc des Princes ya biya kuɗinsa har da riba. Faransa ta fara ci, Fermín López ya ci wa Sifaniya biyu, Álex Baena ya ƙara da bugun tazara, duk kafin minti 30. Faransa ta rage, Mateta ya farke da fenareti a ƙarin mintuna, aka tafi ƙarin lokaci 3 da 3, Sergio Camello ya shigo daga benci ya ci biyu, Sifaniya ta ɗauki zinariya da 5 da 3. Rashin manyan taurari bai hana komai ba a ranar. Matasa ba sa tsoron kai hari, kuma kuskuren da suke yi shi ke buɗe wasa.

Idan za a ba da maki, tikitin wasan rukuni na mata shi ne sayayya mafi riba a gasar, sai na zagayen 'yan takwas na maza idan akwai ƙasar Afirka a ciki. Manhaja da kasuwar sake sayarwa sun yi aiki. Sanar da 'yan kallo abin da ke faruwa a cikin fili ya gaza, jadawalin ya matse 'yan wasa, kuma tazarar garuruwa ta mayar da tikitin Yuro 24 tafiyar ɗaruruwan Yuro.

A Los Angeles a 2028 lissafin zai juya. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince a watan Afrilun 2025 cewa mata za su zama ƙasashe 16, maza su koma 12, karon farko da gasar mata za ta fi ta maza girma. Gurbin maza zai ƙara wuyar samu, saboda haka kada a sayi tikitin maza da sa ran ganin Najeriya ko Gana ko Kamaru sai an gama wasannin share fage. Wasannin ƙarshe a filin Rose Bowl na Pasadena za a yi. Amurka ba Faransa ba ce wajen jirgin ƙasa, tsakanin garuruwa jirgin sama ake hawa, don haka shawarar zaɓar gari ɗaya za ta ƙara ƙarfi. Ga masu kallo daga gida kuma, Faransa awa ɗaya kawai take gaban Kano da Zinder a lokacin bazararsu, shi ya sa wasannin 2024 suka faɗo tsakanin azahar da bayan isha'i. Los Angeles tana bayanmu da awa takwas: wasan da aka take ƙarfe shida na yamma a can, ƙarfe biyun dare ne a nan, kuma masu gidajen kallo sai su tanadi man janareta na tsakar dare.